Darɓa: ƙwaron da sai ya soki ganye kafin ya ji ɗanɗanonsa

Manoman wake da gyaɗa a Matameye da kewayen Kance sun san darɓa, ƴan baƙaƙen ƙwarin nan da ke cunkushewa a ƙarƙashin ganye har ya nannaɗe ya yi danƙo. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda take gane shukar da za ta ci.

Bakin darɓa allura ce da ba ta kai kaurin gashin kai ba, mai hanyoyi biyu: ɗaya na fitar da miyau, ɗaya na zuƙo ruwan shuka. Allurar tana jin tauri da laushi, amma ba ta jin ɗanɗano. Gaɓar ɗanɗanon tana can ciki, a mashigar maƙogwaro. Ke nan dole sai darɓa ta huda ganye, ta tofa miyau, ta kurɓi ɗan ruwa, sannan ta san ko wake ne ko wani haki. Idan bai yi mata ba, mai fiffike sai ta tashi ta gwada na gaba.

A nan ɓarnar take. Kurɓin bai wuce ƴan daƙiƙoƙi ba, amma ya isa ƙwayar cutar da ke sa ganyen wake dabbare-dabbare ta maƙale a bakin allurar, ta sauka a shuka mai lafiya. Shi ya sa feshi kan rage yawan darɓa amma cutar ta ci gaba: kafin magani ya kashe ta, ta riga ta ɗanɗana. Wanda ya dogara ga feshi kaɗai yana iya yin asarar kuɗinsa.

Kuturtar gyaɗa ma darɓa ce ke yaɗa ta, sai dai ita ƙwayar tana daɗewa a jikin ƙwaron. Dattawan jihar Damagaram ba su manta da 1975 ba, shekarar da ta cinye gonakin gyaɗa a Nijar da arewacin Najeriya, ana fita daga fari.

Shawarar masana aikin gona ita ce a yi shuka da wuri, kada a bar gyaɗa da tazara mai yawa, domin darɓa mai fiffike ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin shuke-shuke. A tuge shukar da ta kamu, a kuma tambayi malaman gona irin da ke jure cutar, kamar waɗanda cibiyar INRAN ke gwadawa.