Daga Kiribi zuwa Kusiri: inda kuɗin kwantena yake tafiya

A watan Mayu na 2025 aka buɗe kashi na biyu na tashar jiragen ruwa ta Kiribi, a kudancin Kamaru, kuma a cikin watan ne jirgin MSC Türkiye, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, mai iya ɗaukar ƙananan kwantenoni sama da 24,000, ya tsaya a can. Mahukunta a Yawunde sun yi ta alfahari da wannan. Shi kuwa ɗan kasuwar da ke jiran kayansa a Garwa, Marwa, Kusiri ko Injamena, abin da ya dame shi shi ne ko kuɗin dako zai ragu. Amsar tana ga abin da ke samun kwantena bayan an sauke ta daga jirgi, domin a tudu ne yawancin kuɗi da kwanaki suke salwanta.

Kwantena dai akwatin ƙarfe ne mai awo guda a duk duniya. Wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, shi ya fara loda irinsu 58 a jirgi a 1956. Yau iri biyu aka fi sani: mai ƙafa 20, wadda ke cin kaya kimanin mita 33 na awon ciki, da mai ƙafa 40, wadda ke cin ninki biyu. Da ƙaramar ake lissafi, shi ne abin da takardun Faransanci ke kira EVP. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya sayi takalma ko kayan waya a Guangzhou ko Dubai ba ya cika kwantena shi kaɗai. Haɗaka ake yi, abin da ake kira groupage, kowa ya biya gwargwadon wurin da kayansa suka ci.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, akwatin ba na mai kaya ba ne. Na kamfanin jirgin ne, MSC ko Maersk ko CMA CGM, aro ya bayar. Daga ranar da aka sauke shi ake fara ƙirga kwanaki. Akwai kwanakin kyauta, idan suka ƙare sai tara ta hau, kowace rana da kuɗinta, kuma kuɗin yana ƙaruwa in jinkirin ya yi tsawo. Wannan tarar ce ake kira surestaries. Hukumar tashar ma tana karɓar nata kuɗin ajiya daban. Wanda takardarsa guda ta maƙale mako uku zai iya tarar da ribar tafiyar gaba ɗaya ta tafi a tara, alhali kayan ba su motsa daga inda aka ajiye su ba.

Duwala da Kiribi

Duwala ce tsohuwar ƙofa, kuma har yanzu ta nan mafi yawan kayan Cadi da Afirka ta Tsakiya ke shigowa. Matsalarta a halitta take. Tashar tana kan kogin Wuri, kimanin kilomita 50 daga teku, zurfin hanyar shiga bai wuce mita 7 ba, kullum kuma sai an yashe laka. Babban jirgi ba ya shiga. Sai a sauke kwantenoni a wata tasha mai zurfi, kamar Pointe-Noire ko Lome, ƙaramin jirgi ya kwaso su. Kowane sauyin jirgi ƙarin kwanaki ne da ƙarin kuɗi. Wani binciken Bankin Duniya na 2012 ya gano kwantena kan yi kusan kwana 19 a tashar Duwala kafin ta fita, a lokacin da a Durban ta Afirka ta Kudu kwana 4 ne. Binciken bai ɗora laifin duka kan tashar ba: ya nuna wasu masu shigo da kaya da kansu suke barin kayan a can, ko don ba su haɗa kuɗin duwan ba, ko don ajiyar tashar ta fi sito araha. Tun Janairun 2020 hukumar tashar ce da kanta ke gudanar da sashen kwantena, bayan ƙarewar kwangilar kamfanin DIT na Bolloré da APM Terminals.

Kiribi ta zo ne don magance matsalar zurfi. Kamfanin CHEC na ƙasar Sin ne ya gina ta da rancen bankin Exim na Sin, ta fara aiki a watan Maris na 2018, zurfinta ya kai mita 16, kashi na biyu kuma ya ƙara mata gaɓar tsayawar jirage mai tsawon mita 715. Jirgi daga Asiya zai iya zuwa kai tsaye. Sai dai layin dogo bai kai Kiribi ba. Duk kwantenar da ta sauka a can, ko dai mota ta ɗauke ta, ko ƙaramin jirgi ya kai ta Duwala.

Hanyar arewa

Daga Duwala zuwa Injamena kimanin kilomita 1,800 ne, kuma hanyoyi biyu ake bi. Ta farko jirgin ƙasa na Camrail ne zuwa Ngaundere, kusan kilomita 880, inda dogon ya tsaya tun 1974. A nan ake mayar da kaya kan motoci. Ta biyu mota ce tun daga bakin teku, ta Yawunde, Bertuwa da Garwa-Bulai. Dukansu a Ngaundere suke haɗuwa, shi ya sa garin ya zama matattarar direbobi, dillalai da 'yan dako, da yawansu kuma da Hausa ko Fulatanci suke ciniki.

Daga Ngaundere mota na gangarowa ta dutsen nan mai haɗari da direbobi ke kira falaise, ta wuce Garwa da Marwa, sannan ta shiga yankin Mora, Dabanga da Kusiri. Wannan yanki mai tsawon kilomita 205 shi ne ƙashin wuyan hanyar. A watan Mayu na 2014 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan Sin 10 a Waza, aikin gyaran titin ya tsaya, daga nan kuma aka yi shekaru ana fama da shi. Da damina tafiyar da ya kamata ta ɗauki rabin yini takan cinye kwanaki. Saboda haka direbobi da yawa suka koma bi ta Tuboro zuwa Mundu, su haura Injamena ta cikin Cadi. A watan Afrilu na 2025 an buɗe sabuwar gada a kan kogin Logon tsakanin Yagwa da Bongor, wadda ta ƙara mashiga bayan gadar Ngeli da ke haɗa Kusiri da Injamena. Ga mutanen Kusiri wannan yana da illa: duk motar da ta kauce wa garinsu ta tafi da cinikin masauki, abinci da dako.

Kayan da za su wuce Cadi ba a biya musu haraji a Kamaru, amma sai wakilin fito, wato transitaire, ya ajiye jingina ta banki a hannun duwan, ba a sake ta sai an tabbatar kayan sun ƙetare iyaka. Ana kuma maƙala wa motar na'urar GPS don bin sawunta. Dalilin a fili yake: kada a ce kaya za su Cadi, a sauke su a kasuwar Yawunde. Sai dai muddin jinginar tana riƙe, kuɗin wakilin a ɗaure suke, kuma a kan mai kaya yake fanshewa. Ga kuma shingayen 'yan sanda, jandarma, duwan da ma'aunin nauyi, waɗanda ƙungiyoyin direbobi suka daɗe suna kuka da kuɗin da ake karɓa a kansu ba tare da rasit ba.

Rabon dakon ma ba kasuwa ce ke yinsa ba. Yarjejeniyar ƙasashen biyu ta 1999 ta ba motocin Cadi kashi 65 cikin ɗari na kayan, na Kamaru kashi 35, ofisoshin dako na ƙasashen ne ke kula da rabon. Tsarin yana kare masu motoci, amma yana rage gasa, tsohuwar mota mai lalacewa a hanya tana samun lodi kamar sabuwa.

Akwatin da ke komawa wayam

A nan ne batun aron akwati ke dawowa. Kafin kamfanin jirgi ya yarda kwantenarsa ta tafi Injamena, yakan nemi kuɗin ajiya mai nauyi, kuma kwanakin zuwa da dawowa duk ana ƙirga su. Sannan me za ta ɗauko a dawowa? Man fetur na Cadi ta bututu yake bi daga Doba zuwa Kiribi tun 2003. Shanu da ƙafarsu suke shiga Najeriya. Abin da ke shiga kwantena shi ne auduga, ƙaro da riɗi, su ma da lokacinsu, kuma ba su kai yawan abin da ake shigowa da shi ba. Galibi akwatin wayam yake komawa, mai kaya kuwa shi ke biyan tafiya biyu.

Wannan ne ya sa da yawa suke buɗe kwantena tun a Duwala, a juye kayan cikin babbar mota, a mayar wa kamfani akwatinsa. Ana kiran haka dépotage. A lissafin ɗan kasuwa dabara ce mai ma'ana, tunda ya tsira daga kuɗin ajiya da tara, kuma mota guda kan haɗa kayan fiye da kwantena ɗaya. Amma duk amfanin da aka ƙirƙiro kwantena dominsa ya tafi. An karya hatimi, don haka kowane shinge ya sami hujjar dubawa. Kaya na jiƙewa, na fashewa, na ɓacewa. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima kuma ita ce ke fasa titin da gobe za a yi kuka da shi.

Wani abin lura shi ne yadda hannu guda ke ƙara riƙe sassan hanyar. A ƙarshen 2022 MSC ya sayi harkokin Bolloré na Afirka a kan Yuro biliyan 5.7, ya sauya musu suna zuwa AGL. Ke nan kamfanin da ke da jirgin yana da hannu a sashen kwantena na Kiribi, kuma yana da hannu a Camrail. Hakan zai iya sauƙaƙa kai kwantena da takarda ɗaya daga Sin har Ngaundere. Zai kuma iya rage wa mai kaya zaɓi idan farashi ya tashi.

Nauyin da ke kan hanyar ƙaruwa yake yi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, kayan agaji masu yawa na 'yan gudun hijirar da ke gabashin Cadi ta Duwala suke bi, su yi ƙarin kusan kilomita 900 daga Injamena zuwa Abeshe da Adre. Maganar shimfiɗa dogo daga Ngaundere zuwa Injamena, da kuma daga Edeya zuwa Kiribi, ta daɗe a kan takarda, an yi nazari amma jirgi bai fara bi ba. Kafin lokacin, ɗan kasuwar da ke shirin yin oda zai fi amfana idan ya tambayi wakilinsa tun kaya ba su baro Sin ba: kwana nawa na kyauta kamfanin jirgin ya bayar, a wace tasha za a sauke, kuma wa zai biya idan kwanakin suka ƙare kwantenar tana Ngaundere.