Kayan sauti na musamman cikin mota: sun cancanci kuɗinsu?

Wanda ya tafi sayen sabuwar mota, sau da yawa akan tambaye shi ko yana so a ƙara masa kayan sauti na musamman, ya ƙara kuɗi. Wannan al'ada ta yi ƙarfi ne daga Amurka, inda kamfanin Bose ya saka kayansa cikin motocin Cadillac na shekarar 1983. Toyota ta riƙi JBL, Peugeot kuwa ta ɗauki Focal a 2016.

Abin da ake saye ba yawan lasifika ba ne kaɗai. Injiniyoyi kan auna cikin motar, gilashi da kujeru da nisan kunnen direba, sannan su daidaita kowace lasifika domin sauti ya iso tare. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, komai gwanintarsa, da wuya ya yi wannan awo.

Amma a ganinmu, mai sauraren labarai kaɗai ya riƙe kuɗinsa, gama muryar mutum ba ta bukatar wannan ɗawainiya. Haka mai bin hanyar da ba kwalta, inda ƙarar taya ke cinye kiɗa. Mai cin moriya shi ne matafiyi daga Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, tagogi rufe.

Mai sayen mota ta hannu kuma ya yi hattara. Akwatin ƙara sauti yakan ɓuya ƙarƙashin kujera ko cikin but. In ya mutu, duk lasifika sun yi shiru, kuma sai irinsa ke maye gurbinsa. A kunna, a saurari kowace ƙofa kafin a biya.