Mene Ne Ban Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa?

Tun lokacin da fari ya addabi jihar Kaliforniya ta Amurka ake yawan ambatonsa. Siraran bututai ne masu ƙananan huji, ake binnewa ƙarƙashin ciyawa, ruwa ya riƙa ɗiga kai tsaye ga saiwa.

Ita kuwa na'urar feshin ruwa mai juyawa, ta fili mai faɗi ce. In aka kafa ta a siririn filin ciyawa na bakin titi, sai ruwa ya zube kan kwalta ya bi kwata, asara ce tsantsa. Shi ya sa dokar jihar ta 2015 ta hana irin wannan malalar a sabon filin da faɗinsa bai kai ƙafa 10 ba, inda ban ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi dacewa. Magina da masu kula da lambu ta fi shafa.