Shakkar Magoya Baya a Kan Sabon Koci: Waiwaye a Kan Benitez da Mutanen Chelsea

Daga cikin al'amuran ƙwallon ƙafa, tun daga manyan filayen Ingila har zuwa gidajen kallo na Fagge da Tudun Wada inda samarinmu ke cika benci kowace Asabar da Lahadi, babu wanda ya kai naɗin sabon koci saurin raba kan jama'a; domin kuwa da zarar hukumar ƙungiya ta ambaci sunan wanda ta zaɓa, tun bai sauka daga jirgi ba, balle ya tsaya gaban 'yan wasa ya furta kalma guda, sai ka iske an riga an kafa masa shari'a, an yanke hukunci, har an ƙiyasta watan da za a sallame shi. Masu ƙungiyoyi sun saba ɗaukar wannan a matsayin hayaniyar da cin wasa biyu ko uku zai kwantar, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai wani nau'i na shakka wanda nasara ba ta warkar da shi, kuma ban san wata ƙissa da ta bayyana shi a fili ba kamar abin da ya gudana a yammacin birnin Landan a kakar wasa ta 2012 zuwa 2013.

A ranar 19 ga Mayu, 2012, a birnin Munich na ƙasar Jamus, ƙungiyar Chelsea ta ɗauki kofin Zakarun Turai karo na farko a tarihinta, bayan Didier Drogba, ana saura minti biyu a tashi, ya farke ƙwallon da Bayern ta zura, sa'an nan ya buga fenariti na ƙarshe. Wanda ya jagoranci wannan fatahi shi ne Roberto Di Matteo, mutumin da aka ba riƙon ƙwarya a watan Maris, wanda kuma tun yana ɗan wasa ya riga ya shiga zukatan jama'ar wannan gida, saboda shi ne ya ci musu ƙwallo kafin a cika minti ɗaya a wasan ƙarshe na kofin FA na 1997. Wata shida kacal bayan daren Munich, da Juventus ta doke su da ci uku ba ko ɗaya a Turin, sai mai ƙungiyar a lokacin, attajirin Rasha Roman Abramovich, ya kore shi ranar 21 ga Nuwamba, kuma kafin ranar ta wuce ya naɗa Rafael Benitez, ɗan ƙasar Sifaniya, ya riƙa zuwa ƙarshen kaka. Shi ne koci na tara da ya yi aiki a ƙarƙashin wannan attajiri cikin shekara tara.

In da cancanta kaɗai ake dubawa, da babu mai iya ɗaga wa wannan zaɓi yatsa. Benitez ya ci gasar Sifaniya sau biyu da Valencia, a 2002 da 2004, alhali Real Madrid da Barcelona suna nan da dukiyarsu. Shi ne kuma ya fito da Liverpool daga ramin ci uku a Istanbul a 2005 har ta kayar da AC Milan. Bugu da ƙari, a hannunsa Fernando Torres ya yi tashensa, kuma Chelsea, wadda ta zuba fam miliyan 50 a kan wannan ɗan wasa a Janairun 2011 ba tare da ta ga abin da ta saya ba, tana da dalilin fatan ko tsohon malaminsa ya san makullinsa.

Duk da haka, ranar da ya fara zama a bencin Stamford Bridge, a wasan da suka tashi babu ci da Manchester City, ihun da aka yi masa sai da ya danne muryar mai sanarwa, aka ɗaga kwalaye ana neman ya tafi tun bai kwana biyar a aiki ba. Da aka kai minti na 16 kuwa, sai filin ya ɗauki tafi da ambaton Di Matteo, domin lamba 16 ce ya saba sawa a bayansa, kuma wannan al'ada ta zarce wasa bayan wasa. Sababin bai ɓoyu ga kowa ba. Tsakanin 2005 da 2008 Liverpool da Chelsea sun haɗu sau uku a wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai, biyu daga ciki Benitez ya fitar da su, na farkon ma da ƙwallon Luis Garcia wadda har yau ake jayayya ko ta tsallake layi. A cikin waɗannan shekaru an yi ta musayar zafafan kalamai tsakaninsa da Jose Mourinho, kocin Chelsea na lokacin, wanda mutanen Chelsea ke gani a matsayin gwarzonsu, har sunan Benitez ya zame musu alamar duk wani baƙin cikin da suka ƙunsa a wancan zamani.

Malaman fiƙihu, a babin shaida, sun rarrabe tsakanin mutum biyu waɗanda alƙali ba ya gaggawar karɓar maganarsu. Kuma ko da yake sha'anin wasa bai kai darajar a auna shi da ma'aunin shari'a ba, rarrabewar tana da fa'ida a nan. Na farko shi ne wanda ba a san halinsa ba, wanda maganinsa tazkiya ce, wato a sami adalai su tabbatar da nagartarsa, da an samu kuwa shubuha ta kau. Na biyu shi ne wanda aka san adalcinsa sarai, sai dai akwai tsohuwar adawa tsakaninsa da wanda zai ba da shaida a kansa. Wannan kam ko garin duka ya taru ya yabe shi ba za a karɓa ba, domin illar tana cikin alaƙar da ke tsakaninsu, kuma yabo ba ya goge alaƙa.

Mafi yawan shakkun magoya baya daga jinsin farko suke, kuma tarihi ya sha kunyata masu su. Sa'ad da Arsenal ta ɗauko Arsene Wenger daga ƙungiyar Nagoya ta ƙasar Japan a 1996, jama'a da jaridun Landan tambaya suka riƙa yi ko wane ne shi, alhali mutumin ya ci gasar Faransa da Monaco tun 1988, kuma a hannunsa George Weah ya zama abin da ya zama. Jahilcin nasu ne, suka jingina shi gare shi. A cikakkiyar kakarsa ta farko ya haɗa kofin gasa da na FA, a 1999 ya kawo Nwankwo Kanu, wanda ta dalilinsa gidaje da yawa a ƙasar nan suka zama na Arsenal har gobe, kuma bai bar kujerar ba sai 2018. Haka nan Claudio Ranieri, wanda Leicester ta ɗauka a 2015 ana yi mata dariya saboda tsibiran Faroe sun doke ƙasar Girka a hannunsa, kafin shekara ta zagayo ya ɗora mata kofin Firimiya, har ta sami ƙarfin sayen Ahmed Musa daga Moscow. Waɗannan duka tazkiya suka rasa, filin wasa kuma ya yi musu ita.

Benitez ma filin ya yi masa tazkiya, sai dai ba ita ake nema ba. Farkon lamarin bai yi daɗi ba, domin Chelsea ta zama mai riƙe da kofin Zakarun Turai ta farko da aka fitar tun a zagayen rukuni, ko da yake ɓarnar ta riga zuwansa, sa'an nan ta sha kashi a hannun Corinthians ta Brazil a wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin duniya a Japan. Amma a cikin kakar da ƙungiyar ta buga wasa 69, tana fita daga wannan gasa tana faɗawa waccan, kuma a tsakiyarta Mikel Obi da Victor Moses suka tafi Afirka ta Kudu suka ciwo wa Nijeriya kofin Afirka, mutumin ya iya juya 'yan wasansa da hikima har ƙarfinsu bai ƙare ba. A ƙarshen Fabrairu, bayan wani wasa a Middlesbrough, haƙurinsa ya gaza, ya fito ya zargi hukumar da ta laƙaba masa sunan mai riƙon ƙwarya, ya ce masu ihu suna cutar da ƙungiyarsu ne, ya kuma sanar da cewa zai tafi in kaka ta ƙare. Daga nan al'amura suka miƙe. Moses ya ci ƙwallo a kowane ɗaya daga wasanni huɗu da suka kai su wasan ƙarshe na kofin Europa, biyu da Rubin Kazan, biyu da Basel. Ranar 15 ga Mayu, 2013, a Amsterdam, Torres ya ci, Branislav Ivanovic ya ƙara da ka ana shirin tashi, suka doke Benfica da ci biyu da ɗaya. A gasar gida kuma suka ƙare a mataki na uku. Duk abin da aka ɗauko shi ya yi, ya yi shi. Da ya kama hanyar Napoli kuwa, ihu ya lafa, wasu sun yi masa godiya, amma zukatan jama'a suna wajen dawowar Mourinho.

Hukuncina a kan wannan ƙissa yana da fuska biyu, kuma ɗayar ba ta soke ɗayar. Ta fuskar aikin mutumin, shaidar mutanen Chelsea abar mayarwa ce, domin shaidar mai adawa ce, kuma sun zalunce shi da suka hana shi ko da kwana guda na kyakkyawan zato. Wanda aka kira aiki ya amsa bai yi laifi ba. Amma ta fuskar abin da ya motsa su, ina ganin akwai abin girmamawa a cikinsa wanda masu sharhi suka yi gaggawar rainawa. Tafin minti na 16 cika alkawari ne ga mutumin da ya kawo musu abin da suka daɗe suna bege, aka saka masa da kora. Kuma jama'ar da ta ga an yi haka ga Carlo Ancelotti shekara guda bayan ya haɗa mata kofi biyu, ta sake ganin an yi wa Di Matteo, tana da haƙƙin ta nuna cewa butulci bai zama ɗabi'arta ba don ya zama ɗabi'ar mai gida. Kuskurenta shi ne ta bar jaki tana dukan taiki, domin Abramovich, wanda ba ya hira da 'yan jarida kuma dukiyarsa ce ta gina ƙungiyar, ya fi ƙarfin harshenta, sai ta sauke fushin a kan baƙon da ke tsaye a bakin layi. Nauyin fitinar yana wuyan wanda ya san da adawar, ya san zafin rabuwar, amma ya haɗa su a rana ɗaya ba tare da ya ga wajabcin yi wa kowa bayani ba.

Mai son ƙarin hujja ya dubi sauran tafiyar mutumin nan a Ingila. Newcastle ta ɗauke shi a watan Maris na 2016, bai iya hana ta faɗuwa daga Firimiya ba, amma duk da haka jama'arta suka roƙe shi ya zauna, ya zauna, ya dawo da ita a shekara mai zuwa, kuma da ya tafi a 2019 mai ƙungiyar suka zarga. A 2021 kuwa Everton, wadda filinta na wancan lokaci da na Liverpool lambu ɗaya ya raba, ta naɗa shi bisa son mai ita a lokacin, Farhad Moshiri, alhali magoya bayanta ba su manta cewa a 2007 ya siffanta su da ƙaramar ƙungiya ba. Ya fara da ƙafar dama, amma da wasanni suka juya masa baya bai sami wani ajiyayyen haƙuri da zai ci daga gare shi ba, aka sallame shi a Janairun 2022, wata shida da rabi da zuwansa. Ilminsa na ƙwallo bai ƙaru a Newcastle ba, bai kuma ragu a Everton ba; abin da ya bambanta shi ne yardar jama'a, wadda ita ce guzurin koci a watannin tsanani, kuma babu kocin da watannin tsanani ba sa riskarsa.

A nan gida, inda mafi yawan ƙungiyoyinmu mallakar gwamnatocin jihohi ne, daga Kano Pillars da Katsina United zuwa Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors, mas'alar ta fi ta Landan nauyi, domin kuɗin da ake biyan koci daga baitulmali yake fitowa, saboda haka mai sayen tikiti yana da haƙƙin tambaya ta fuska biyu. Amma abin da muka saba gani shi ne a naɗa mutum ba tare da an faɗi dalili ba, in ya yi rashin nasara kaɗan a ba shi wa'adin wasa biyu ko uku, a kore shi, a kawo wani ta wannan hanyar. Kirana ga shugabannin waɗannan ƙungiyoyi shi ne, kafin su sanar da suna, su zauna da shugabannin magoya baya su ji ko shakkarsu ta rashin sani ce, wadda bayani zai kawar, ko kuwa akwai tsohon tabo wanda ya wajaba a yi sulhu a kansa tukuna. Ku kuma magoya baya, in aka kawo muku wanda ba ku so, ku kai kukanku ƙofar wanda ya kawo shi, ku bar bawan Allah ya yi kakarsa guda kafin ku yanke masa hukunci.