Annobar Korona da Abin da Take Yi wa Zuciya da Jijiyoyin Jini

Tun a ƙarni na 13 wani malamin ɗibbu da ake kira Ibn Nafis, mutumin ƙasar Sham wanda ya yi aikin likita a Alƙahira har Allah Ya yi masa rasuwa a 1288, ya bayyana cewa jinin da ke ɓangaren dama na zuciya ba ya ƙetarawa zuwa na hagu ta wata kafa da ke tsakaninsu, kamar yadda Jalinusu da mabiyansa suka ɗauka, sai dai ya bi ta huhu, ya gauraya da iska, sa'an nan ya komo. Wanda ya riƙe wannan mas'ala ba zai yi mamakin abin da za mu faɗa a nan ba, domin tun da yake babu ɗigon jinin da zai zaga jiki bai ratsa huhu ba, lalle cutar da ta sauka a huhu ta sauka a ƙofar gidan zuciya.

Sa'ad da korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, galibin mutane, har da likitoci, ciwon tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi suka ɗauke ta. Amma likitocin asibitin Renmin da ke Wuhan, da suka duba jinin majinyata 416, sai suka tarar 82 daga cikinsu suna da alamar rauni a tsokar zuciya, wato wani sinadari mai suna turoponin ya yawaita a jininsu, wanda ba ya malalowa haka sai tsokar ta ji ciwo. Fiye da rabin waɗannan 82 sun rasu a asibitin, alhali kuwa cikin sauran waɗanda zuciyarsu ta tsira, waɗanda suka rasu ba su kai 5 cikin 100 ba.

To, ta yaya ƙwayar cutar da aka shaƙa ta hanci za ta kai ga haka? Ƙwayar ba ta shiga cikin tsokar jiki sai ta manne da wani sinadari da masana suka sa wa suna ACE2, wanda Ubangiji cikin hikimarsa Ya ajiye a huhu da zuciya da ƙoda da hanji da bangon jijiyoyin jini, aikinsa na asali kuwa shi ne ya karya wani sinadarin da ke tsuke jijiyoyi yana ɗaga ƙarfin jini. Bayan wannan, kowace jijiyar jini, tun daga babbar da ta fito daga zuciya har zuwa ƙananan da suka fi gashi siranta, cikinta shimfiɗe yake da wani ɗan tantani mai santsi wanda ke hana jini daskarewa. Misalinta kamar magudanar ruwa ce a lambu: muddin an daɓe ta sumul ruwa zai wuce salin alin, amma ranar da ta farfashe, nan laka da ciyawa za su maƙale har su datse ta. A watan Afrilu na 2020 likitocin Zurik ta ƙasar Suwizalan suka ba da rahoton cewa sun ga wannan tantani a kumbure, cike da ƙwayoyin garkuwar jiki, a sassa daban-daban na jikin waɗanda cutar ta kama.

Daga nan ne babbar illar take tasowa. Ilmin likitanci ya daɗe da sanin sabuba uku na daskarewar jini, waɗanda ake jingina wa Bajamushen nan Rudolf Virchow na ƙarni na 19: raunin bangon jijiya, da rashin gudanar jini, da sauyawar ɗabi'ar jinin kansa. Mai korona mai tsanani ya tara ukun duka, domin jijiyarsa ta yi rauni, ga shi kwance kwana da kwanaki ba motsi, ga kuma garkuwar jikinsa ta harzuƙa tana zuba sinadaran da ke sa jini saurin kamewa. A ƙasar Holan an bibiyi majinyata 184 da ke ɗakin kulawa ta musamman, aka sami kusan kashi ɗaya cikin uku jini ya daskare musu a jijiya, duk da ana ba su maganin riga-kafin hakan. A Hambug ta Jamus aka binciki gawa 12, aka tarar da gudan jini a jijiyoyin ƙafar 7, a 4 kuwa gudan da ya toshe huhu shi ne ajalinsu. Yadda abin yake aukuwa shi ne, sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta fi 'yar uwarta kauri, sa'an nan wata rana gudan ya ɓalle, jini ya ɗauke shi ta cikin zuciya ya kai shi huhu, mutum yana zaune sai numfashi ya ɗauke. In kuwa a jijiyar da ke ciyar da zuciya jinin ya daskare, ciwon zuciya na farat ɗaya ke nan, in a ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki.

Ita kanta zuciyar tana cikin tsaka mai wuya, gama zazzaɓi yana tilasta mata sauri a daidai lokacin da huhu ya kasa ba ta isasshiyar iska, ɓangarenta na dama kuma yana fama da tura jini cikin huhun da ya cushe. Kumburin tsokar zuciya ma yana faruwa, ko da yake bai kai yawan da aka ji tsoro da farko ba. Sanin haɗarin daskarewar jini ne ya sa aka shiga yi wa waɗanda aka kwantar allurar hefarin mai tsinka jini, kuma a watan Yuni na 2020 masana na Jami'ar Oksfod suka tabbatar cewa deksametason, mai kwantar da kumburi, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Amma fa wannan magani na mai tsananin ciwo ne a hannun likita, wanda ya saya a kemis don ɗan zazzaɓi ya cuci kansa, balle in yana da ciwon suga.

A nan ne al'amarin ya shafe mu ƙwarai. Ba a manta da watan Afrilu na 2020 a Kano ba, lokacin da dattawa suka yi ta rasuwa, daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadinsu, a kan wata larurar da mutum yake ɗauke da ita tun da. Hawan jini da ciwon suga sun riga sun gajiyar da jijiyoyi kafin cutar ta zo, kuma abin da ya fi damuna shi ne yawan masu ɗauke da su ba su taɓa gwadawa ba. An yi fargaba da farko cewa magungunan hawan jini irin su lisinofiril za su sauƙaƙa wa ƙwayar shiga, amma bincike ya kore wannan zato, saboda haka babu hujjar mai sha ya daina.

Warkewa ma ba ta rufe babin. A 2022 Ziyad Al-Aly da abokan aikinsa a Amurka suka buga nazarin tsofaffin sojoji 153,760 da suka yi cutar, mafi yawansu maza masu shekaru, suka nuna cewa cikin shekara guda bayanta haɗarin gazawar zuciya ya ƙaru da kashi 72 cikin 100, na shanyewar jiki da kashi 52, har a kan waɗanda ba a kwantar ba an ga ƙari. Don haka wanda ya tashi daga wannan ciwo, ya ga yana haki daga gida zuwa masallaci, ko ƙirjinsa yana nauyi, ko zuciyarsa tana bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ko ƙafarsa ta kumbura, ya je asibiti a auna jininsa, a saurari zuciyarsa, ya kuma gaya wa likita cewa ya yi korona da watan da ya yi ta.