Maganin Wutsiyar Doki: Abin Da Ɗan Kasuwa Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Zuba Jari

ABUJA — Daga cikin magungunan tsirrai na kwalba da ake shigo da su daga Turai da Amurka, akwai na wani tsiro da Turawa ke kira Horsetail, watau wutsiyar doki, saboda kamannin rassansa. Masana kuwa Equisetum arvense suke ce masa. Ana tallarsa a kan yana ƙara tsawon gashi, yana kuma ƙarfafa farce da ƙashi, kuma masu shagunan magani a Wuse da Garki sun san irin kasuwar da duk wani maganin gashi yake da ita.

To amma ɗan kasuwa mai niyyar yin odarsa ya kamata ya fara da lissafi. Kayan ƙetare ne, da dala ake biya. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, ana sayar da dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati. Ya zuwa Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Ciniki irin na kwalliya shi ne na farko da mai saye ke jinginewa idan aljihu ya yi sanyi.

Sai kuma batun amfaninsa. Gaskiya ne tsiron yana ɗauke da sinadarin silika mai yawa, har mutanen da a Turai suna goge tukwane da shi. Amma abin da Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi kawai shi ne amfaninsa na gargajiya wajen ƙara yawan fitsari don wanke mafitsara da kuma kula da ƙananan raunukan fata. Maganar gashi da ƙashi hujjarta ba ta da ƙarfi. Bugu da ƙari, tsiron yana da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jiki idan aka daɗe ana sha, yana kuma da ɗan uwa mai dafi, Equisetum palustre, wanda kan cakuɗu da shi wurin girbi. Mai ciki da mai ciwon ƙoda ko na zuciya ba a ba su shawarar shansa. Haka kuma lambar Hukumar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L shaida ce ta cewa an duba rashin cutarwar maganin, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkarwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a nan shi ne, a cikin Abujar nan akwai maganin tsirrai da ya fi wutsiyar doki hujja, amma ya sha wahalar isa kasuwa. A shekarun 1990 Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta samar da Niprisan don masu cutar sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari, karan dafi da itacen osun. Gwajin da aka yi wa marasa lafiya 82 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi, a 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan a Sheda. Cikin 2008 kamfanin ya durƙushe saboda bashi, aka janye lasisin a 2009, magani ya ɓace daga kantuna a ƙasar da ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara. Sai a 2018 cibiyar ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker, wanda daga baya ya fito da shi da sunan Niclovix.

A ganinmu, abin da ya kayar da Nicosan ƙarancin jari mai haƙuri ne, domin kimiyyar tana nan. Masoro da kanumfari kuwa ana auna su a Kasuwar Kurmi ta Kano, karan dafi ana noma shi a gonakin Arewa; wanda zai iya busar da su cikin tsabta, ya riƙe inganci iri ɗaya daga buhu zuwa buhu, shi masana'anta ke nema, kuma da Naira zai yi cinikinsa.