Tafkin Jabi: Matattarar Iyalai a Birnin Tarayya

Tafkin Jabi da ke Abuja mutane ne suka samar da shi. An tare ruwansa ne domin samar wa sabon birnin ruwan sha, kafin madatsar ruwa ta Usuma ta karɓi wannan aiki. A yau dandalin da ke gaɓarsa ya zama wurin shaƙatawar iyalai, musamman a ƙarshen mako da lokacin bukukuwan Sallah. Da sanyin safiyar Asabar masu motsa jiki ne ke cika wurin, yamma kuwa ta masu hawan doki da kwale-kwale ce.

Sai dai ruwan kan ƙaru sosai da damina. Bai kamata iyaye su bar yaro ya shiga kwale-kwale babu rigar kariya daga nutsewa ba, ko da matuƙin ya ce zagayen gajere ne.